Faifan da Inna ta adana a kwalla

Shekarun baya can, lokacin ina ji da kaina don na gama kwas ɗin kwamfuta a birni, mahaifiyata ta kira ni ɗaki. Ta zaro wani abu daga ƙasan kwalla, naɗe a tsumma. Faifan fulofi ne baƙi, irin wanda yaran yanzu ba su ma taɓa gani ba.

"Wai babanku yana ciki," in ji ta.

Mahaifinmu manomin rani ne a wani ƙauye kusa da Bunkure. Ya rasu ƙanwata tana goye, bai bar hoto ko ɗaya ba. Ashe wani malamin gona, mutumin Filato, ya taɓa zuwa gonarmu da kamara mai aiki da irin wannan faifan, yana ɗaukar cutar da ta kama tumatir. Da ya zo ta'aziyya sai ya miƙa wa Inna faifan. Ita kuwa ta ajiye, don ba ta san inda ake kunna shi ba. To ga ƙanwata ta girma, kullum tambayarta yaya fuskar Baba take.

Na ce, "Inna, ai wannan ƙaramin aiki ne."

Sai da na zagaye shagunan garin Kura kaf, babu kwamfutar da ke karɓarsa. Dole na hau mota zuwa birni wajen abokina mai gyaran kwamfuta. Ya jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur, muka saka faifan. Ta yi ta gurnani kamar injin ban ruwan da mai ya ƙare wa, can ta tambaya ko a goge faifan a sabunta shi. Ni gwanin, har na kai yatsa zan amince. Abokina ya buge min hannu.

"Kai, lafiyarka kuwa? Babanka za ka share!"

Ya ɓalle robar faifan a hankali. Fumfuna ce ta kama ɗan siririn faifan da ke ciki. Ya goge shi da auduga da sifirit, ya bari ya sha iska, ya mayar da shi gidan wani faifan mai lafiya. Ya ce kada in sa rai da yawa. Ya bar wata manhaja tana karantawa tana maimaitawa, muka tafi sallar la'asar.

Da muka dawo, hotuna sun fara fitowa. Ganyen tumatir. Wani ganyen. Bakin kanal ɗin ban ruwa. Wasu sun lalace, toka-toka kawai. Sai ga hoton hannu riƙe da ganye, da tabon lauje a babban yatsa. Hannun Baba ne, na san tabon. Hoton da ya biyo baya kuwa Baba ne a tsugune cikin shuka, hula a karkace, yana dariya. Daga ƙirji zuwa ƙasa hoton ya ɓaci, amma fuskar nan tas.

Na wanko shi na kai gida. Inna ta daɗe tana kallo. Ƙanwata ta karɓa.

"Yaya, ashe hancinsa na ɗauko?"

"Har da taurin kan," in ji Inna. Muka yi dariya, kowa na share ido.

Yau hoton yana cikin wayar kowa a gidanmu, 'ya'yan ƙanwata suna nuna shi suna cewa ga Kaka. Tun daga ranar na daina saurin cewa abu ya mutu don kawai ya ƙi buɗewa a karon farko. Kuma duk zuwana gida sai na ɗauki Inna hoto, ko tana tsince shinkafa ko tana faɗa da awaki. Da takan kore ni. Yanzu cewa take, "To tsaya mana, bari in gyara ɗankwali."