Wincin Ambo Rappe

Tun yana saurayi, maƙwabcina Ambo Rappe da tsurar hannu yake jan igiyar ƙyallen da iska ke tura jirgin ruwansa, ya naɗe ta a tafi yadda ubansa ya koya masa. Da kafaɗa ta gaza, ya kafa winci, ƙarfen nan mai naɗe igiya. Ɗan ƙarami ya zaɓa, wai babba na ragwaye ne.

Matarsa Sanneng ta ce, "Maigida, wannan ai ko zanina ba zai ja ba."

Ranar da iska ta taso, ƙarfen ya kasa, hannu ya koma abin da ya saba. Igiya ta tafi da yatsunsa uku.

Yanzu jirgin na ruɓewa kan rairayi. Shegen wincin ko tsatsa bai yi ba. A jikinsa Sanneng ke ɗaure akuya.