Shekarar da Muka Juya Bakin Kawu

A Limawa, gaban shagon wani mai aski, akwai majalisar da na yi shekaru ina zama, tun zamanin da wayar salula ta fara shigowa Minna, mai ita sai ya rataya ta a wuya don kowa ya gani. Ba mu da zance sai na ƙungiyar ƙwallon garinmu. Muna kuma da al'ada: Asabar ta ƙarshe kafin a fara kakar wasa, bayan la'asar, kowa zai miƙe ya faɗi inda ƙungiya za ta ƙare bana, mai aski ya rubuta da alli a bayan ƙyauren shagonsa. In kaka ta ƙare sai a duba. Wanda ya fi kowa kusa, tasa ce kujerar roba mai hannu har shekara ta zagayo. Wanda ya fi kowa nisa, bulo zai hau, can gefe kusa da kwata.

Bulon nan na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, tela, mutumin Bida. Ya daɗe a kansa har ya ɗinka masa matashi da launin rigar ƙungiya. Domin shi Kawu hasashensa ɗaya ne duk shekara: "Bana kofi namu ne." Kuma ba ya rasa hujja. Wata shekara ya ce sabon ɗan baya ya zo ɗinkin wando, shi da kansa ya auna cinyarsa da tef, wallahi ba mahaluƙin da zai wuce wannan cinya. Wata shekara kuma ya ce ya ga ɗan gabanmu ya cinye malmalar tuwon shinkafa uku a kasuwa, ko ruwa bai nema ba. Kowace shekara da ƙyar muke tsira daga faɗawa rukunin ƙasa.

Kujerar kuwa, abin haushi, kusan kullum tana hannun wani Bafillace dillalin shanu wanda bai taɓa taka filin wasa ba. In layi ya zo kansa, "Tsakiya" kawai yake cewa, ya ci gaba da cin goronsa.

Wani mai walda daga Dutsen Kura shi ya ɓallo ruwa. Ya ce ya lura, duk ɗan wasan da Kawu ya yaba, sati ba ya zagayowa sai ya gurɗe. Mai cinyar nan ma ai da sanda ya gama kaka. "Ba koci ba ne matsalarmu, jama'a, bakin Tela ne. Abin da ya faɗa, kishiyarsa ake samu. To a juya bakin mana! Ya ce za mu faɗi, ku ga kofi."

Ni kuwa da rawar kaina, na fi kowa cewa haka ne. Nan take aka ɗora min aikin, tunda ɗan 'yar'uwarsa ne ni.

Da hantsi na ajiye acaɓata a ƙofar shagonsa, na tarar yana taka keke. Na zayyana masa komai. Ya tsayar da ƙafa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan nan, ka karya kuwa?"

"Na karya, Kawu."

"To ni in zagi ƙungiyata da bakina? Ko matata ta ji, za ta ce na haukace."

Raina ya fara ɓaci, don ba na son a maida ni shashasha. Na ce, "Kawu, so a baki ne? Shekara nawa kana cewa kofi, ko murfin kofin ka taɓa gani? In da gaske kana ƙaunarta, yi mata wannan ɗaya."

Ya yi ta juya almakashi. Na san na kama shi, har da jin daɗina, Allah Ya yafe min.

Ranar Asabar ya miƙe daga bulonsa, ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya ce, "Bana... za mu faɗa rukunin ƙasa." Kai, ka ga tafi! Mai walda ya rungume shi, wani ya ruga ya sayo masa lemo mai sanyi, mai aski ya rubuta ya ja layi biyu a ƙasa. Muka fara gardamar ta inda za a zaga da kofi, ko a fara da unguwar Barkin Sale ko a ƙare a can.

Muka kuma kafa masa doka: har kaka ta ƙare, ba yabo. A filin wasa ina gefensa kamar ɗan sanda. Ɗan gabanmu zai ɗauko ƙwallo ya yanke mutum biyu, Kawu ya fara tasowa, sai in danne masa gwiwa. Ya koma ya zauna yana cewa, "Zai ɓarar, zai ɓarar." Sai kuwa ya ɓarar.

Da aka ci mu uku a jere muka ce magani ne, da ɗaci yake farawa. Da abin ya yi nisa mai walda ya ce Tela ba ya faɗa daga zuci. Da ya ƙara nisa ya ce ai yanzu ya cika faɗa daga zuci. Kawu dai ya daina auna cinyar kowa. In 'yan wasa sun kawo ɗinki, sai ya karɓa kansa a ƙasa.

Wasan ƙarshe a waje aka buga, a rediyon mai aski muka ji. Muka faɗa.

Ba wanda ya so a juya ƙyauren, amma al'ada al'ada ce. Ga rubutu nan da layinsa biyu. Dillalin shanu ya miƙe, ya goge kujerar da bakin rigarsa, ya ce, "Bismillah, Tela, taka ce." Mai walda ya buɗe baki, "Ashe dai bakin nasa..." Na ce masa in ya ƙarasa, sai na haɗa kansa da ƙyauren nan. Ya haɗiye sauran maganar.

Kawu ya dubi kujerar, ya karkaɗe matashinsa, ya koma kan bulo.

Da aka watse na bi shi, ina tura babur a gefensa. Kunya ta ishe ni. Na ce, "Kawu, ka yafe min."

Ya ce, "Faɗuwa ba komai, ɗan nan, na saba. Amma da, duk shekara ina da kofi. Ina ɗinki da shi, ina cin tuwo da shi, sai ƙarshen kaka ake karɓe min. Bana tun ranar farko ka karɓe."

Na raka shi har ƙofar gidansa.

Da Asabar ɗin hasashe ta zagayo, muna rukunin ƙasa, rabin 'yan wasa sun gudu, kocin ma ya tafi. Layi ya zo kaina kafin nasa. Na miƙe na ce, "Bana kofi namu ne." Aka kwashe da dariya. Kawu bai yi dariya ba, ya dai matsa gefe kaɗan a kan bulon ya ce, "Zo ka fara koyo. Gobe zan ɗinka maka matashi."