Malam Manniru da ƙwan fitilar da ba a kashewa

Shekara da shekaru, idan aka sallame sallar asuba a ƙaramin masallacin unguwarmu, nan bayan kasuwar kifi ta Kado, wanda zai fara zarar takalmi shi ne Malam Manniru. Ba saurin shayi yake yi ba. Rumfar da ke gindin tankin ruwa zai nufa, ya ɗaga kai ya dubi wani ƙwan fitila da ke rataye saman tabarmarsa, sai ya gama da ƙwan nan sannan ya amsa gaisuwarka. Baƙo yakan ji haushi. Mu 'yan unguwa mun san ruwan da za mu sha ranar yake dubawa.

Aikinsa a baki ba wani abu ba ne. Shi ke kula da rijiyar burtsatsen da duk unguwa ke sha: in an kawo wuta ya kunna inji ruwa ya hau tanki, in an ɗauke ya zauna jira. Sai dai wutarmu ba ta da alkawari. Takan zo yana tsakiyar cin tuwo, takan zo ana ɗaurin aure. Na taɓa ganinsa a wajen suna ya zaɓi kujerar da ke kallon rumfarsa, ana addu'a yana amin da baki, ido na kan ƙwai.

Mutumin Yelwan Yawuri ne, ɗan bakin kogi, ya zo Abuja yana saurayi yana tura kurar ruwa. A lokacin mata rafi suke zuwa. Da aka haƙa burtsatse aka sa inji, dattawa suka damƙa masa makulli saboda an san shi ba ya rage wa mutum jarka. Ruwan nan shi ya mai da mu unguwa. Masu filaye suka gina ɗakunan haya, matan kifi suka tare kusa da kasuwarsu, wata nas mai suna Rosemary ta buɗe ɗan asibitin haihuwa, 'yan mata suka daina makara a makaranta. Kowa yana yabon rijiya, ba mai tuna wanda ke zaune a gindinta.

Ƙwan nan nasa irin na da ne, mai zafi, mai waya a ciki. Da irinsa ya ɓace a shaguna, har Mararaba yake aikawa a nemo masa. Na tambaye shi dalili, ya ce ƙwan zamani munafuki ne, ko wuta ba ƙarfi zai yi maka fari tas. Na da kuwa in wuta ta zo a raunane sai ya yi ja, shi kuma ba ya kunna inji kan jan ƙwai ko da layin jarkoki ya kai titi. Mata sun yi masa tsiya a kan haka har sun gaji. Ya ce gara a zage shi da ƙishirwar yini ɗaya da a gode masa a ƙona inji.

Mun ga gaskiyarsa shekarar da ya tafi gida Sallah ya bar makulli hannun Maliki tela, mutumin kirki mai saurin tausayi. Wuta ta zo ja, mata suka yi ta magiya, Maliki ya danna. Inji ya ƙone, muka yi watanni muna sayen ruwan da ba mu san daga inda aka ɗebo shi ba, yara suka yi ta gudawa. Tun daga nan ba wanda ya ƙara yarda ya karɓi makullin. Kuma a garin nan da kowa ke fita da duku-duku ya dawo bayan magariba, wa ke da yinin zama ƙarƙashin fitila? Sai ya zama hutun Malam Manniru ɗaya ne, ranar da taransifoma ta lalace. Mu muna kuka, shi yana ɗaure jaka.

Abin da da yawa ba su sani ba, yana da tsohuwa a Yelwa, Inna Turai, kuma yanar ido ta fara rufe mata gani. Yana aika mata atamfa da magani, ita kuma saƙonta bai taɓa canzawa ba: zuwa da kai ya fi aike, ya zo ta gan shi tun idon na gani.

Bara da damina tsawa ta kashe taransifomarmu. Ya zauna makonni yana ce wa kansa gobe za a gyara, har ya haƙura ya kama hanya. Ya kai tashar Zuba, ya sami kujera a mota, sai wayarsa ta yi ƙara. Rosemary ce. Mashkura mai kifi, wadda suka fita tare za ta sari lemo, ita ta ba ni labarin, don a gabanta aka yi.

"Baba Ruwa, ka yi haƙuri fa," in ji Rosemary. "Wuta ya zo, sun sa sabon taransifoma. Ina da mata biyu suna naƙuda, ko ruwan wanke hannu babu, kuma kowa yana tsoro ya taɓa inji."

Mashkura ta ce ya katse kiran. Daga nan ya kira ƙaninsa a Yelwa ya ce a ba Inna. Ya faɗa mata yadda ake ciki, bai ƙara gishiri ba, ya ce abin da ta ce shi zai yi.

Tsohuwa ta ce, "Koma ka ba mutane ruwa, Manniru. Idona zai jira."

Ya sauke jakarsa ya dawo. Kafin la'asar tanki ya cika. Ya zauna kan tabarma yana ba matan unguwa layi kamar kullum, ba wanda ya ga alamar komai a fuskarsa.

Amma Mashkura ba ta iya riƙe magana, kuma wannan karon Allah ya saka mata. Kafin mako ya zagayo ba gidan da labarin bai shiga ba. Ita da Rosemary suka bi ƙofa ƙofa, matan kifi suka fara zubi, mu masu zuwa ofis muka bi baya, 'yan ga-ruwa ma ba su yarda an tsallake su ba. Da rani aka kafa farantan sola a kan tanki, aka sa injin da ke tashi da rana ya tsaya da kansa in tanki ya cika. Wasu sun ji tsoron kada ya ga kamar an kore shi ne. Ya zagaya ya dubi farantan, ya yi dariya ya ce wannan abokiyar aikin ta yi masa, don rana ba ta ɗauke wuta ba sanarwa.

Malam Manniru, kai ne ka ɗaure rayuwarka da igiyar lantarki don tukunyar kowa ta ga ruwa. Ɗan bakin kogi da ya zo ya shayar da mutanen tudu. Jariran da aka yi wa wankan farko a asibitin Rosemary yanzu wasunsu suna da nasu 'ya'yan, kuma ba su san sunanka ba sai Baba Ruwa. Ni na sani, shi ya sa na rubuta shi. Ina alfahari da na yi maƙwabtaka da kai, kuma ina jin kewarka tun yanzu.

Ranar Asabar da ta wuce ya miƙa makulli ga kwamitin mata, ya nuna musu yadda ake goge farantan da safe. Sannan ya miƙa hannu ya kashe ƙwan nan da kansa. Tunda na tare a unguwar nan ban taɓa ganin an taɓa makunninsa ba.

Washegari Rosemary ta kira shi, muna tsaye kewaye da ita. Ya ce ya isa Yelwa lafiya. Ya ce da ya shiga soro bai yi sallama da ƙarfi ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya ga ko za ta gane shi. Inna Turai ta ɗago daga tabarma ta ƙura masa ido, ta ce, "Manniru, yaushe gemunka ya yi fari haka?"

Mun gode, Malam. Allah ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu, ya bar maka Inna da idonta. Ku kuma masu karatu, in kun sami aikin da jama'a ke rayuwa a kansa, ku riƙe shi yadda ya riƙe nasa. Kuma ku duba unguwarku da kyau, akwai wani zaune a gindin tanki ko taransifoma da wata tsohuwa ke jira a gida. Ku karɓe shi ya je ta gan shi.