Mai Gilashi da Tuntuɓen Sarewata

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, ga shi Injiniya ya riga mu. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran babban injiniyan sauti na gidan rediyon ƙasa, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ma'aikata Injiniya suke ce masa. Ni Mai Gilashi nake ce masa, don a bayan gilashin ɗakin ɗaukar sauti na fara ganinsa, shi kuma yana ce mini Sarewa. Ban yi karatu ba. 'Yata ce ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Duk wanda ya taɓa kunna tashar nan ya san ni, ko bai san fuskata ba. Busar da ake buɗe tasha da ita da asuba, ake kuma sakawa tsakanin shiri da shiri, ni na busa ta, sama da shekara arba'in ke nan. Kai ka ɗauke ta, Mai Gilashi. Mai kunne ya san akwai inda take tuntuɓe kusa da ƙarshe, numfashi ya yanke kamar mai busar ya ƙware. Zan faɗa yau kamar yadda na sha faɗa maka: ba laifina ba ne. Ina tsakiyar busa ka ɗaga hannu za ka yi mini alama, ka ture kofin shayi mai zafi a cinyarka, ka miƙe kana tsalle, baki buɗe, ni kuwa ba na jin komai ta gilashin. Wa zai ga haka dariya ba ta kama shi ba? Na ce a sake. Ka saurara, ka ƙara saurara, ka ce, "Sarewa, wannan ta yi." Na ce ba ta yi ba. Ka ce, "To, mako mai zuwa."

Makon nan bai zo ba har haƙorana suka zube, ƙirjina ya daina riƙe iska. Ƙasa guda tana jin tuntuɓena kafin labaran safe, bayan shirin manoma, kafin likita ya amsa tambayoyi, bayan gaishe-gaishe. Ba shugaban da aka yi a gidan nan da ban kai ƙararka wurinsa ba. Kowanne ya ce faifan yana hannun Injiniya. In na fito daga kai ƙarar, kai ne za ka tare ni a bakin ƙofa, ka ja ni shan shayi, ka kuma matsar da kofin nesa da gwiwar hannunka don ka ƙular da ni.

Amma ba zan ɓoye alherinka ba. Lokacin da tsufa ya ruɗa mahaifiyata ta fita ba wanda ya sani, na zo maka ba ko hula a kaina. Ana cikin wasan kwaikwayo ka katse shi, ka tura mai sanarwa ya yi cigiya. Kafin magariba wata mai sayar da itace ta riƙo hannunta ta kawo ta. Aka yi maka faɗa a ofis, ba ka taɓa gaya mini ba, a bakin direba na ji. Da matata ta kwanta a asibiti, kai ka kai mata ƙaramin rediyo, duk zuwa kuma da sabon batir a aljihunka. Na sha ganin manomi ko ungozoma sun shigo ɗakin ɗaukar sauti a tsorace, ka ba su ruwa, ka ce, "Rabu da makirufo, ni za ki duba, ni kike ba labari." Muryoyi nawa suka wuce ta hannunka, taka ba ta taɓa fita a iska ba.

Ranar da ka rasu ina ƙofar ɗakina da rediyo kamar kullum. An gama farashin kayan kasuwa, aka saka sarewata, sai mai sanarwa ya faɗi rasuwarka a taƙaice. Bai gama rufe baki ba aka sa tallar sabulu. Wannan ban yafe musu ba tukuna. Shirin mata ya zo, na yara ya zo, aka yi labarin ƙwallo da ihu, ni ina zaune na kasa kashewa, na kasa tashi.

Bayan 'yan kwanaki na kunna da asuba, busar ta tafi sumul har ƙarshe, ba tuntuɓe. Na zaci kunnena ne. Da na je gidanka gaisuwa, maiɗakinka ta ce a shigo da ni. Ta ce, "Baba Sarewa, ka ji abin da suka yi? Sun cire shi." Ta ce kullum da safe, ko magana kake, in busar ta kusa wurin nan sai ka yi shiru, ka ɗaga yatsa, in ta yi tuntuɓe ka yi murmushi ka ce, "Ga ni nan." Ta ce tun da ka tafi, wurin nan take jira kafin ta iya saka wani abu a bakinta.

Daga nan gidan rediyo na wuce. Sabon shugaban shirye-shirye ya tarbe ni da fara'a, ya ce, "Baba, ai kai ka yi shekaru kana kuka da wurin. Mun sa na'ura ta cike shi don mu faranta maka."

Na ce, "Da Injiniya nake rigimata. Wa ya sa ka a ciki?"

Ya ce za a duba a taro. Na ce ina jira. Na zauna a bencin baƙi, ƙarƙashin lasifikar da ke bango. Aka yi shirin manoma, aka yi na likita, aka yi wa'azi, aka yi gaishe-gaishe. Duk sanda aka saka busar, sai in gaya wa wanda ke kusa da ni cewa wannan ba tawa ba ce. Mai gadi ya kawo mini ruwa, ya ce, "Baba, da an gyara ka yi faɗa, da ba a gyara ba ka yi faɗa." Na ce ya koma ƙofarsa. Da la'asar ta yi shugaban ya fito, ya tsaya a kaina, ya ce in tafi gida in huta, ya ji.

Washegari da asuba busar ta sake yin tuntuɓenta. Rana ba ta fito ba maiɗakinka ta kira 'yata a waya tana kuka.

Ina nan a kan bakata, Mai Gilashi: ya kamata ka bar ni na sake busawa tun ina da iska. Amma makon da ka yi mini alkawari, na yafe maka shi duniya da lahira, kai ma ka yafe mini yawan kai ƙara.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa alherin da ka yi a ɓoye ya tarbe ka a sarari. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka da jikokinka, da ma'aikatan gidan rediyo, har da sabon shugaban. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. In tawa ta zo, abu ɗaya nake roƙo: kada wanda ya sake taɓa tuntuɓen nan. Mu biyu ne a ciki.