Wanda Ya Karce Motar Pintea

Smaranda Oprea ta ƙare ƙuruciyarta a wani kamfanin takalma na birnin Cluj, tana duba ɗinkin da wasu suka yi kafin a sa a kwali. Aikin ya bar mata hali guda, ba ta yarda da abu sai ta juya bayansa. Ko gaisuwa ce ta yi tsawo, sai ta fara tambayar kanta me ake nema a wurinta.

Mijinta Anghel direban tasi ne, mai surutu da tsokana, wanda a zamaninsa ba ya ganin mai keke a gabansa bai danna masa ham ba. Bai daɗe da ajiye tuƙi ba shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi. Ya tashi da hannun hagu kaɗai, baki kuma ya ɗaure, sai "to" da "a'a" da wani zagi guda da ciwon ya ƙyale masa. Mukullin tsohuwar tasinsa kuwa kullum yana hannunsa. Tun daga lokacin Smaranda ke tura shi a keken guragu kowace safiya zuwa lambun bakin kogi.

Tafiyar ba nisa, amma akwai ɓacin rai. Masu mota sun saba ɗora tayoyi biyu a kan dakalin masu tafiya a ƙasa, su bar 'yar kafa tsakanin mota da bango. In keken ya shige da ƙyar, shi ke nan. In bai shige ba, dole ta sauka kan jan layin da hukuma ta shafa wa masu keke, su kuma su taso mata da ƙararrawa.

"Iya, nan ba hanyarku ba ce!"

"To nuna min tawa in bi, ɗan nan!"

Wata safiya suka fito suka tarar da Pintea, maƙwabcinsu mai sayar da kayan gini, yana zagaya baƙar motarsa yana kumfar baki. An ja mata dogon karce tun daga ƙofar baya har ta gaba.

"Na san wadda ta yi!" in ji shi, yana nuna hawa na uku na benensu. "Mai keken nan ce. Tun ranar da na buɗe ƙofar mota ta kusa faɗuwa take harara ta."

Ilinca yake nufi, wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa aiki a keke. Smaranda ba ta musa ba. Dama yarinyar ba ta kwanta mata ba, don ta cika saurin kama musu keken Anghel a bakin matakala ba a roƙe ta ba. A shagon burodi har ta ce wa matan layin, "Irin masu fara'ar nan, sai a hankali da su."

Cikin makon aka karce wasu motoci biyu. Sai kuma aka wayi gari an yanka wa Ilinca tayoyin kekenta duka biyun. Yarinyar ta tsaya a ƙofar bene riƙe da keken, idonta ya kawo ruwa.

"Gwaggo Smaranda, ni me na yi musu?"

Maganar ta tsaya wa Smaranda a rai. Da suka iso wurin motar Pintea ta sunkuya ta duba karcen da kyau. Yana ƙasa ƙasa, daidai cinyarta, miƙe sar, kuma haka yake a sauran motocin. Mai keke ba zai sunkuya haka ba. Ta lalube jikin keken guragun ko wani ƙarfe ya fito. Babu komai.

Da rana tana ba Anghel tuwon masara da cuku, sai idonta ya sauka kan mukullin da ya ajiye a gefen faranti. Akwai ɓurɓushin baƙin fenti a haƙoransa. Ta dubi mijin, ya dube ta, ya buɗe baki yana jiran loma kamar jariri.

Washegari ta tura shi a hankali, idonta a kan kafaɗarsa ta hagu. Suna shiga tsakanin wata farar mota da bango, hannun ya zame daga cikin bargo. Fuskarsa na kallon gaba kamar mai addu'a a coci, mukullin kuwa yana tafiya a jikin fenti, ƙiii.

Ta ja birki.

"Tsoho! Ashe kai ne?"

"A'a."

"Ga shi a hannunka, kana ce min a'a?"

Ya dubi motar, ya danna mata zaginsa guda ɗin nan, sannan ya fashe da dariya har da hawaye. Rabon da ta ji dariyarsa tun kafin ciwon. Ta rasa abin yi, ta ƙwace mukullin ta jefa a jakarta.

Da yamma ta ƙwanƙwasa ƙofar Pintea ta faɗa masa gaskiya. Ya saurara yana murmushin gefen baki.

"Haba Iya! Mutumin da ko cokali ba ya riƙewa? Yarinyar ce ta turo ki, ko? Ta san ba wanda zai kai gurgu ƙara."

"Ni na gani da idona."

"Na ji. A gaida maigidan."

Ta hau sama wurin Ilinca, ta nemi gafararta kan abin da ta faɗa a shagon burodi. Yarinyar ta karkata kai.

"Kawu Anghel? Gwaggo, kin tabbata ba ke ba ce kike laɓewa bayansa?"

Smaranda ta sauko tana huci. Anghel kuwa ya yi fushin mukulli, ya ƙi fita, ya ƙi miya, sai da ta gaji ta rataye masa shi a ƙusa inda zai riƙa gani daga gado.

Yanzu Pintea ya sa kyamara a gilashin motarsa, yana kuma barin fili isasshe a kan dakali. Smaranda ba ta ɗauka tausayi ba ne, ta fi zaton tarko ya ɗana. Ilinca ta sa sababbin tayoyi, tana gaishe su daga nesa. Kowace safiya kafin su fita sai Smaranda ta caje mijinta, aljihu da bargo da ƙarƙashin matashi. Ranar Lahadin da ta wuce ta zaro cokali mai yatsu daga hannun rigarsa. Ta mayar da shi kicin, ta dawo ta ce ya ɗaga ƙafa, ta duba cikin safa.