Ranar da Ungozoma Ta Shaƙi Guba

Ban taɓa mantawa da ranar da warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tare ni tun daga bakin ƙofar tasharmu ba. Laraba ce, cikin damina ta biyu da fara aikina. Ruwa ya ɗauke da asuba, tafki ya kwanta lumui, jiragen masunta suna ta komowa gaɓa. Irin safiyar da nake so ce, mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Amma a ƙarƙashin ƙamshin akwai wannan warin, siriri, kamar wanda yake leƙe ta bayan labule.

Ku da kuka zo daga baya ba ku tarar da tashar ba, don haka bari in fara bayyana muku ita. Ƙaramar tashar gwaji ce a bakin tafki, a ƙasar Ngaski. Manyan masana'antu suna ɗaukar iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa su haɗa ta da tururi, su sami haidirojin da kabon monoksaid. Daga wannan gaurayen ake yin takin zamani, ana kuma iya bi da shi ta wasu matakai har a kai ga sinadaran da ake yin roba da su. Mu kuwa abin da aka ɗora mana shi ne mu gwada ko za a iya yin haka da iskar da ke fitowa daga kashin shanu.

Muna da wani babban tanki rufaffe da muke kira tumbi. A ciki ake zuba kashin shanu da ruwa, ya ruɓe, ya ba da iskar mitan. Iskar tana ratsa wata tukunya cike da tsatsar ƙarfe, wadda aikinta shi ne kama farar wuta. Daga nan sai ta haɗu da tururi ta shiga wani bututu da ke tsaye a tsakiyar murhu, mai zafin digiri wajen ɗari takwas. A cikin bututun nan katalis yake.

Katalis ɗinmu ƙananan duwatsu ne masu huda, kamar tsakiyar da mata ke ɗaurawa a ƙugu, an shafe su da nikel. Mitan da tururi za su iya zama tare ba su ce wa juna uffan ba, amma da sun taɓa nikel sai su rabu su sake haɗuwa, su zama wani abu dabam. Shi kuwa yana nan yadda yake. Ni na raɗa masa suna ungozoma, don tana karɓar haihuwa alhali ita ba uwa ba ce, ba kuma jariri ba. Sunan ya bi shi har cikin littafin aiki. Abu ɗaya ungozomar nan ba ta jurewa, shi ne farar wuta. Kaɗan daga cikinta ya isa ya lulluɓe nikel ya hana shi aiki. Kuma iya katalis ɗin da zai cika bututu ɗaya aka ba mu, daga ƙasar waje aka kawo. An gaya mana tun farko cewa in ya mutu, gwajin ya mutu, kowa ya kama gabansa.

Shugaban tasha Injiniya Lawali ne, mutum mai tsare doka, mai ƙarancin dariya. Ni ce mataimakiyarsa, mafi ƙanƙanta a injiniyoyi. Sai Baba Gado, tsohon masunci da ciwon baya ya raba shi da jirgi, aka ɗauke shi lebura. Shi ke ciyar da tumbi. Yana da wata doguwar gora irin ta tuƙin jirgi, ya ɗaura mata ƙugiya a baki, da ita yake motsa kwaɓin yana fitar da ciyayi.

Da damina ta kankama makiyaya suka ɗaga daga bakin tafki, kashin shanu ya yi wuya, iskar tumbi ta ragu. Wata rana da hantsi Baba Gado ya same ni zaune ina kallon allurar ma'auni tana ta yin ƙasa.

Ya ce, "Ɗiyata Safiya, wai shi tumbin ga, kashin shanu kaɗai shika ci?"

Ni kuwa a lokacin ba na iya ba da amsa kai tsaye, sai na yi mata ado. Na ce, "Baba, tumbi kamar ƙasa ne. Duk abin da ya rayu ya mutu, in ka ba shi zai karɓa, ya mayar maka da shi numfashi."

Ya jinjina kai ya ce, "Ikon Allah." Ya tafi. Ni ma na ji daɗin maganar, har na rubuta ta a bayan littafina.

Bayan kamar mako biyu allura ta fara hawa. Muka yi murna, Injiniya Lawali har ya yi murmushi. Babu wanda ya tambayi dalili a cikinmu. Akwai wata farar takarda da ake karawa a bakin iskar, in da farar wuta sai ta yi duhu. Doka ta ce a gwada kullum. Da na ga watanni suna wucewa takardar tana fitowa fara, sai na koma gwadawa ranar Litinin kawai. Litinin ɗin makon nan kuwa ruwa ya wuni yana zuba, ban fita ba.

To, ranar Larabar Injiniya Lawali ya tafi Yelwa neman wani ƙarfen famfo. Da na shiga ɗakin lura na duba ma'aunin iskar da ke fitowa daga bututu, sai na ga mitan ya yi yawa. Ma'anar haka ita ce yana wucewa ba a taɓa shi ba. Na je na buɗe 'yar tagar murhu na leƙa. Bututu mai lafiya launinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, ja mai duhu. Ran nan saman ya yi haske kamar garwashin da ake hurawa. Katalis mai aiki yana shanye zafi. In ya daina, zafin sai ya taru a jikin ƙarfe. Ungozoma ta fara suma daga ka.

Ka'ida ita ce ba a tsayar da iska sai da izinin shugaban tasha. Na kira shi sau uku, waya ba ta shiga ba. Sai na rufe bawul ɗin iska, na rage wuta, na bar tururi shi kaɗai yana ratsa bututu, domin tururi yana iya wanke farar wuta in ba ta kama sosai ba. Na rubuta lokacin, na sa hannu.

Saura in san daga ina gubar take. Famfon da ake ɗibar iska kafin ta shiga tukunyar tsatsa yana cikin wani rami na siminti, zurfinsa ya fi tsayin mutum, da matakala a gefe. Na ɗauki takardar gwaji na nufi can. Warin a nan ya fi ƙarfi, har idona yana ruwa. Baba Gado yana gefen tumbi da gorarsa.

Ya ce, "Ɗiyata, kak ki sauka ramin ga."

Na ce, "Baba, minti ɗaya ne. In ban gwada ba, me zan gaya wa Oga?"

Na sauka. Kafin in taɓa famfo takardar ta yi baƙi ƙirin a hannuna, ashe robar da ke jikin famfon ta tsage tana yoyon iska. Ina tsaye ina kallon takardar sai na lura warin ya ɗauke, gaba ɗaya, kamar an share shi. Wani sanyi ya sauko mini, na ji kamar in zauna a kan matakala in huta.

Daga sama Baba ya ce, "Warin shina nan?"

Na ce, "A'a Baba, ya wuce. Babu komai yanzu."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. "Hito! Hito nac ce!"

Na ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi. Sai na ji an fizge ni ta baya. Ƙugiyar gorarsa ce ya saƙala a ɗamarar rigar aikina. Tsohon da ba ya iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi, shi ya jawo ni matakala bayan matakala, gwiwoyina suna gurzar siminti, har na faɗo kan ciyawa. Ya ja ni gaba zuwa inda iska ke kaɗowa daga tafki. Na yi amai, kaina kamar zai tsage. Da na dawo hayyacina na gan shi durƙushe nesa kaɗan yana haki.

Ya ce, "Ki gafarce ni, na jawo ki kamar giwan ruwa."

Na yi dariya ina hawaye. Amma a raina, ba zan ɓoye muku ba, na ɗan ji haushi. Na ce matakala shida ce kawai, me ya hana shi saukowa ya kama hannuna?

Injiniya Lawali ya dawo bayan azahar. Ya karanta littafi, ya leƙa murhu, ya dubi baƙar takardar. Ya sa aka killace ramin da igiya, sannan ya kira mu ofis. Tambaya ɗaya ya yi wa Baba: me yake zuba wa tumbi?

Baba ya ce, "Kashin shanu, ranka shi daɗe. Da hanjin kihi."

"Hanjin me?"

"Na kihi. Can bakin ruwa mata na zubarwa in sun gyara na banda. Nag ga abin ya rasa abinci, kuma an ce in ya tsaya duk mun tashi. Kullum da sahe nikan kawo bokiti huɗu."

Ku da kuka karanta kun sani, nama da kifi in suka ruɓe a rufe suna ba da iskar farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, fiye da kashin shanu nesa ba kusa ba. Ita ce ta cika tukunyar tsatsa har ta ƙoshi, ragowar ta wuce ta sami nikel.

Injiniya Lawali ya ce, "Wa ya ba ka izini?"

Baba ya dubi ƙasa. Bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Oga ya jawo takarda ya ce, "Gado, ina ganin girmanka. Amma abin da ka kashe ba ni da wani. Dole in rubuta wa hedikwata sunan wanda ya jawo, kuma ka san abin da zai biyo baya."

Na san Baba yana riƙe da jikoki uku na ɗansa da ya rasu. Na kuma san ni ban cika shekara biyu ba, takardar tabbatar da ni a aiki tana kan teburin nan. Na tashi na ɗauko littafina, na buɗe bayansa na ajiye a gabansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ba shi. Ya tambaye ni, ga amsar da na ba shi. Kuma rabona da gwajin takarda yau kwana tara."

Ya karanta a hankali. Ya cire tabarau ya ce, "Safiya, mutum ya yi miki tambayar aiki, kin ba shi waƙa."



Sai ya ƙara da cewa, "Ni ma na ga allura ta hau ban tambaya ba." Ya daɗe yana juya biro. Sannan ya ce, "Za mu ba ta tururi kwana uku. In ta farfaɗo, rahoton zai zama na gyaran ka'ida. In ba ta farfaɗo ba, sunaye biyu zan rubuta, nawa da naki."

Kwana ukun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Da na je gida Yelwa, Inna ta dubi gwiwoyina ta ce, "Wai ke aikin ofis kike ko dambe?" Muka sauya tsatsar tukunya, muka gyara roba, muka daina karɓar iskar tumbi har ta tsarkaka. Ranar Asabar da safe aka buɗe bawul kaɗan-kaɗan. Na tsaya a tagar murhu ina kallo. Hasken saman bututu ya ragu, ya ragu, bai tafi duka ba, amma ma'aunin mitan ya sauko. Daga baya da aka huce murhu muka kwashe duwatsun sama kamar kamu ɗaya, waɗanda suka mutu. Sauran suka kai mu ƙarshen gwaji. An jinkirta tabbatar da ni, an ba ni takardar gargaɗi. Baba Gado ya ci gaba da aikinsa.

Tun daga ranar, in ma'aikaci ya tambaye ni abin da ya shafi aiki, ina ba shi amsa a fili: wannan e, wannan a'a, ga dalili. Waƙata ina barinta a jaka sai an tashi. In kuma allura ta hau ba dalili, ina bin sawunta kamar yadda zan bi in ta faɗi.

Sai bayan shekara uku, a wani kwas na kare lafiyar ma'aikata, malamin ya faɗi abin da ya sa na ajiye biro. Ya ce iskar nan mai warin ƙwai ta fi iska nauyi, tana taruwa a rami, kuma in ta yi yawa tana kashe jijiyar shaƙa. Lokacin da mutum ya daina jin warin, lokacin ne ta kusa kayar da shi. Ya ce sau da yawa wanda ya sauka ceto shi ma can yake zama.

Da na dawo na je na sami Baba Gado a ƙauyensu, ya riga ya bar aiki, yana zaune a inuwa yana ɗinkin koma. Na gaya masa abin da na koyo, na ce, "Baba, kai wa ya koya maka?"

Bai ɗaga kai ba. Ya ce tun yana saurayi akwai wata tsohuwar rijiya a sansaninsu na su, da ake zuba ƙazantar kifi a ciki. Akuya ta faɗa, yayansa ya sauka ɗauko ta. Da bai fito ba, ƙanen babansu ya bi shi. Shi Gado shi aka ba igiya ya riƙe.

Ya ja zare ya ƙulle, sannan ya ce, "Su biyu munka binne ran nan. Yayana kuwa, maganar da yay yi ta ƙarshe daga ƙasa ita ce, 'Gado, ba ko wari nan.'"