Gudun da na yi wa akuya

Shekara bakwai da aurenmu ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, sai maigidana ya ce mu gwada asibiti a Kano. Aka yi gwaje-gwaje, aka ɗora ni a kan allurai, aka ce mu jira mako biyu mu ga ko an dace. Muna dawowa gida, surukata, wadda nake kira Inna, ta shimfiɗa mini katifa a rumfa ta kafa doka: ba daka, ba shara, ba jan guga. Ko buta na miƙa hannu zan ɗauka sai ta daka mini tsawa, wai abin bai kama ba tukuna, girgiza kaɗan zai zube. Ni da na saba tun asuba ina tsaye, sai ga ni kwance ina kallon kaji.

Damina ce. A garinmu gona daga jikin katanga take farawa, shi ya sa kowa yake ɗaure dabbarsa har a yi girbi. Rana ta goma, Inna ta tafi barka, maigida yana kasuwar Ɗanbatta, sai jar akuyarmu ta tsinke igiya ta fice ta zaure, ta nufi waken maƙwabcinmu. Mutumin nan kuwa a kan ganye guda sai ya kai ka gaban mai unguwa. Wallahi ban yi tunani ba. Na dai tsinci kaina ina tsallake kunyoyin gona ba ko mayafi, ina zagin akuya, har na cafko ƙafarta ta baya muka zube tare. Na jawo ta gida, na ƙulla igiyar, na wanke ƙafafuna, na koma katifa kamar ban taɓa tashi ba.

Bayan kwana biyu jini ya zo.

Kowa ya ce haka Allah ya ƙaddara, ni ma na faɗa da baki. Amma a zuciyata na riga na yanke wa kaina hukunci: ni na zubar da shi, a kan ganyen wake. Ban gaya wa kowa ba. In maigida ya yi mini magana mai daɗi sai in ji kamar in nutse. Akuyar kuwa na tsane ta, ko dusa ba na zuba mata.

Wata biyar aka ba mu kafin a sake gwadawa, kuma a wannan karon ni na kafa wa kaina doka. Tun ba a fara allura ba na daina motsi, salla ma a zaune nake yi. Na yi wata ƙiba ta rashin daɗi, bayana ya riƙe, ƙafafuna suka kumbura. Inna da kanta ta fara cewa, "Ke 'yar nan, ko tsakar gida ki ɗan zaga mana." Na ƙi.

Ranar da muka koma asibiti, likitar, wata mace mai gilashi wadda ba ta cika dariya ba, ta sa na hau sikeli, ta danna ƙafata da yatsa, wurin ya lotsa.

"Baiwar Allah, yaya kike wuni?"

Na ce a kwance. Ta ce wa ya sa ni? Na buɗe baki zan ce Inna, sai kuka ya ƙwace mini. A gaban maigida na zayyana komai, tun daga tsinkewar igiya har faɗuwar da na yi.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ba akuya ba ce. Da gudu yana zubar da ciki haka, da rabin matan garinku ba su haihu ba. Sau da yawa ba a dacewa a karon farko, ko mace ta kwanta ko ta tashi. Ni wannan kwanciyar taki ce ma take ba ni tsoro." Ta ce in riƙa tafiya kullum, in yi aikin gida daidai ƙarfina, kaya masu nauyi kawai zan bari in an fara allurai.

Na juya in ga fuskar maigida, don ita nake tsoro duk watannin nan. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Likita," ya ce, "to igiyar fa?"

Ashe ya sani. Tun a ranar maƙwabcin ya tare shi a hanya da ƙorafin wakensa, ya ce har ni ya gani ina gudu a gona. Maigida kuma ya san igiyar ta ruɓe, kullum yana cewa gobe zai sauya ta. Wata biyar yana ganin shi ya jawo mana, yana tsoron ranar da zan gane.

"Igiyar ma ba ruwanta," in ji likita. "Ku tashi ku ba ni wuri, mutane suna layi."

Daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, alhali ba a ce mana za a dace a karo na biyu ba. Da mota ta sauke mu a mararraba, 'yan acaɓa suka yo kanmu, na ce ni a ƙasa zan tafi. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba sai da na tsaya hutawa sau uku, ina haki, shi kuma yana riƙe da jakar magani yana jirana. A hutu na uku ya dube ni.

"Da kin gaya mini."

"Kai ma, Malam, da ka gaya mini."